Guraben Karatun Digirin Digirgir A Ilimin Linzamin Na'ura Da Ƙididdiga: Abin Da Ya Shafi Anka, Gummi Da Bukkuyum

A kowace shekara jami'o'in gida Nijeriya da na ƙasashen ƙetare kan buɗe guraben karatun digiri na uku, wanda jama'a suka fi sani da digirin digirgir, a wasu fannoni biyu da suka zama tagwaye a wannan zamani. Na farko shi ne ilimin sarrafa na'ura ta yadda za ta riƙa gyara aikinta da kanta, wanda a takardun jami'a ake kira kwanturol. Na biyu kuwa shi ne koyar da kwamfuta ta hanyar ƙididdiga. Da wuya a ji zancen waɗannan gurabe a majalisun Anka ko Gummi ko Bukkuyum, in ma an ji, sai a ɗauka abu ne na 'ya'yan manyan birane. An shirya wannan bayani ne domin iyaye da shugabannin makarantu da ma'aikatan ƙananan hukumomi da iyayen ƙasa su san mene ne wannan ilimi, ta wace hanya ake kaiwa gare shi, da kuma dalilin da ya sa yankin nan namu yake cikin wuraren da suka fi buƙatarsa.

Linzami a bakin na'ura

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tankin ruwa mai ƙwallo ya riga ya ga tushen fanni na farko. Ruwa na hawa, ƙwallon na hawa, har ya kai inda zai toshe bakin famfo. In an ɗebi ruwa ya sauka, ya sake buɗewa. Haka ma sitabilaizar da ake haɗa wa firiji: tana auna ƙarfin wutar da ke shigowa, ta kwatanta da abin da ake so, ta ƙara ko ta rage. Aunawa, kwatantawa, gyarawa, sannan a sake aunawa. Bahaushe ya riga ya ba mu sunan abin tun da ya kira wani makami da mai linzami, domin mahayi bai sakar wa doki ragama ya rufe ido, yana kallon inda dokin ya nufa ne yana ja yana sassautawa. Saboda haka a wannan bayani za mu kira fannin da ilimin linzamin na'ura.

Ilimin yana da tsohon tarihi. A ƙarni na 9 wasu 'yan'uwa uku a Bagadaza, waɗanda aka sani da Banu Musa, sun rubuta Kitabul Hiyal, inda suka bayyana na'urorin ruwa masu daidaita kansu. A shekarar 1788 James Watt na Birtaniya ya sanya wa injin tururi abin da ke hana shi wuce gudun da aka yanka masa, a 1868 kuma James Clerk Maxwell ya zauna ya yi lissafin dalilin da ya sa wani injin kan daidaita, wani kuma ya yi ta tangal-tangal. A 1960 Rudolf Kalman ya fito da hanyar haɗa awo maras tabbas da hasashe domin a gano ainihin halin da abu yake ciki, hanyar da aka yi amfani da ita a tafiyar kumbon Apollo zuwa wata.

Abin da ke wahalar da masana a nan shi ne jinkiri. Mai ban ruwa da ya buɗe ƙofar magudana bai ganin sakamako nan take, sai ruwan ya yi tafiya ya isa gonar ƙarshe. In ya yi gajen haƙuri ya ƙara buɗewa, sai gona ta cika ta batse. Ya rufe da sauri, sai ta bushe. Yawancin binciken digirin digirgir a wannan fanni amsa yake nema ga irin wannan tambaya: nawa za a gyara, kuma yaushe, alhali awon da ke hannu bai cika ba, sakamako kuma yana makara.

Fanni na biyu shi ne sashen da ake gina abin da kafafen yaɗa labarai ke kira ƙirƙirarriyar basira a kansa. Tsohon dillalin shanu kan dubi sa ya faɗi kuɗinsa, domin ya ga dubban shanu an yi cinikinsu a gabansa. Kwamfuta ma haka ake yi mata: a ba ta misalai masu yawa da amsoshinsu, ta fitar da ƙa'idar da za ta yi hasashe a kan abin da ba ta taɓa gani ba. Aikin ƙididdiga a ciki shi ne tilasta wa na'urar ta faɗi iyakar tabbacinta, ta ce wannan na sani ƙwarai, wannan kuwa ina shakka. Inda fannonin biyu suka haɗu shi ne inda na'ura za ta koya daga awo kuma ta ɗauki mataki a kan abin da ta koya, a wurin da kuskure kan jawo asarar rai ko dukiya.

Darasin gubar dalma

Ba sai an je nesa neman misali ba. Idan ba a manta ba, a watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da mace-macen ƙananan yara da suka wuce kima a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya tabbatar da cewa gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake kawowa cikin gari ana dakawa ana niƙawa, har a tsakar gidaje. An ƙiyasta cewa aƙalla yara 400 ne suka rasu. Binciken gida-gida da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta gudanar tare da hukumomin lafiya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. Daga cikin yara 204 da aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai ma'aunin 45 ko sun wuce, wanda shi ne matakin da ake fara ba da maganin fitar da guba. A wasu wuraren da ake sarrafa dutse, dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 10 cikin 100, fiye da ninki 250 na iyakar da Amurka ta yarda da ita a lokacin a inda yara ke wasa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Wanda ya duba aikin ceton da ya biyo baya da idon mai wannan ilimi zai ga cewa kusan kowane mataki tambaya ce ta awo da hasashe da gyara.

Ɗauki awon jini. Na'urar hannu da aka yi aiki da ita, LeadCare II, iyakar karatunta 65. Duk abin da ya wuce nan, sai ta nuna cewa ya yi sama kawai. Ke nan yaron da ke da 70 da wanda ke da 300 amsa ɗaya suke samu, alhali hatsarin da suke ciki ba ɗaya ba ne. A filin aiki sai da aka koma tsarma jinin kafin a sake aunawa. A ƙididdiga kuwa akwai babi guda a kan irin wannan awo da aka yanke wa kai, da yadda za a yi hasashen abin da ke bayan yankan ta amfani da shekarun yaro da alamomin ciwonsa da halin gidansu.

Ɗauki awon ƙasa. Ba zai yiwu a auna kowane taku na gari ba. Ana auna wurare ƙalilan ne, a yi hasashen abin da ke tsakaninsu, sannan a yanke shawarar inda za a kankare ƙasa a zuba sabuwa. In an yi sako-sako, guba ta rage a inda yaro ke rarrafe. In an wuce gona da iri, kuɗin aiki ya ƙare kafin a isa gari na gaba. Wani abin lura shi ne, hanyar lissafin da ake yin wannan hasashe da ita daga ramin zinare ta fito. Wani injiniya mai suna Danie Krige ne ya assasa ta a 1951 a ma'adinan Afirka ta Kudu domin ƙiyasta yawan zinaren da ke ƙarƙashin ƙasa daga 'yan ramukan gwaji, kuma a yau tana cikin hanyoyin da masu koyar da kwamfuta ke ji da su. An share Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan Abare da Tungar Guru da Sunke da Tungar Daji da Duza tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011, Bagega kuwa sai a 2013 bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da Cibiyar Blacksmith ne suka ba da jagorancin fasaha, ma'aikatan muhalli na jiha da mutanen garuruwan suka yi aikin.

Sai kuma magani, wanda shi ne ainihin aikin linzami. Maganin DMSA yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. To amma jiki kan ɓoye dalma a cikin ƙashi, sai bayan an gama shan magani ta riƙa komowa cikin jini sannu a hankali, awo ya sake hawa. Shi ya sa yaro ɗaya kan sha zagaye da yawa: daga Yunin 2010 zuwa Yunin 2011 kaɗai, an ba yara 1,156 zagayen magani 3,180. Haka nan likitoci sun dage cewa sai an share gari kafin a fara magani gadan-gadan, domin yaron da zai koma gida mai guba tamkar tankin da ake kwashewa ne famfo na buɗe. Yaushe za a sake auna yaro, yaushe za a sake ba shi magani, wane yaro ne awonsa zai koma sama da sauri? Likita ne ke da hukunci a kan waɗannan, amma mai ilimin linzami da ƙididdiga shi ke iya gina masa lissafin da zai dogara da shi.

Kafin MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jiha a farkon 2022, an auna jinin yara sama da 8,000. Wannan tarin bayani ne da ba kasafai ake samun irinsa ba a duniya, kuma an wallafa bincike a kansa a manyan mujallun kiwon lafiya. A ganinmu, tun da jinin 'ya'yanmu ne aka auna, ƙasar gidajenmu ce aka kankare, ya kamata a ce daga cikin waɗanda za su ci gaba da nazarin a sami 'yan asalin garuruwan, waɗanda suka san cewa mace kan yi daka a tsakar gida da goyo a bayanta, suka kuma san inda ake shanya dutse da inda ake shanya hatsi. Haƙar zinare ba ta tsaya ba, kuma an ɗage haramcin 2019 a watan Disamba na 2024, saboda haka buƙatar sa ido tana nan.

Ruwa daga gabas

Gulbin Zamfara ya ratso ta yankin Anka da Bukkuyum kafin ya isa Gummi, ya wuce Kebbe da Jega. A daminar 2024 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a garin Gummi, a watan Satumban shekarar kuma jirgin ruwa ya kife da manoma masu tsallakawa zuwa gonakinsu, aka yi asarar rayuka da dama. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina kowace shekara, Hukumar NIHSA kuma ta fitar da hasashen ambaliya, sai dai waɗannan hasashe ne na damina ɗungurungum. Abin da mai gona a fadama ke so ya sani shi ne ko ruwa zai hau gobe. Tun da ruwan da zai isa Gummi sai ya bi ta gabas tukuna, awon tsayinsa a can tare da awon ruwan sama na iya zama gargaɗi ga na yamma, in an sami wanda zai haɗa lissafin. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel, waɗanda Tarayyar Turai ke bayarwa kyauta, suna taimakawa wajen ganin inda ruwa ya malala da inda ake sabon haƙa, musamman a wuraren da matsalar tsaro ta hana ma'aikaci zuwa. A maƙwabtanmu kuma akwai madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 domin noman rani a kadada 23,000. Rabon ruwa tsakanin magudananta misali ne da ake samun irinsa a littattafan wannan fanni.

Hanyar da ake bi

Hanyar tana farawa ne daga ajin sakandare. Yaro ko yarinyar da ba su riƙe lissafi da fizik da kyau ba, ƙofar ta rufe musu tun ba su san da ita ba. Nan ne iyaye da shugabannin makarantu suke da babban aiki, domin makarantar da ba ta da malamin lissafi ta yanke wa ɗalibanta hukunci tun kafin jarrabawa. Daga nan sai digiri na farko a injiniyancin lantarki ko na kwamfuta, ko lissafi, ko ƙididdiga, ko kimiyyar kwamfuta. Akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Jami'ar Jiha da ke Talata Mafara, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Mai babbar difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ko ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda shi ma hanya ba ta toshe masa ba: zai yi diflomar share fage ta gaba da digiri, sannan digiri na biyu, sannan na uku. Ta fi tsawo, amma ana bin ta.

A matakin digiri na biyu da na uku, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da kwas na kwanturol a sashen injiniyancin kwamfuta, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da sassan lantarki da mekatironik da kimiyyar kwamfuta. Cibiyar Lissafi ta Afirka, AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003 kuma take da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, kan ɗauki nauyin ɗalibai baki ɗaya a digiri na biyu, ɗalibanta da yawa kuma daga nan suke wucewa digirin digirgir. A ƙasar Saudiyya akwai Jami'ar Sarki Fahd da ke Dahran da Jami'ar Sarki Abdullah da ke kusa da Jidda, duka suna ba da tallafi ga ɗaliban bincike.

Wani abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne, a ƙasashe irin su Suwidin da Norwe da Holan, gurbin digirin digirgir yawanci aiki ne mai albashi. A Suwidin karatun shekara 4 ne, babu kuɗin makaranta, kuma jami'o'in Lund da Linköping da Uppsala sun daɗe da suna a ilimin linzamin na'ura. Malamin da ya sami kuɗin bincike shi ke tallata gurbi a shafin jami'arsa na intanet, mai nema ya aika takardun sakamakonsa da kundin digirinsa na biyu da wasiƙar bayanin kansa da sunayen malaman da za su shaide shi, sannan a yi masa tambayoyi ta bidiyo. Gasar tana da zafi, domin da 'yan Indiya da Sin da Iran ake nema, kuma abin da ake dubawa shi ne ƙarfin lissafi da iya rubuta manhaja da iya bayani da Turanci. Irin wannan gurbi mai albashi ba a sayar da fom ɗinsa. Duk wanda ya zo gari ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi kuɗi zai samo wa yaro gurbi, a kai rahotonsa ga hukuma.

A cikin gida, Asusun TETFund kan ɗauki nauyin ƙaro ilimi ga malaman manyan makarantun gwamnati, sai dai ya dakatar da ɓangaren tura su ƙasashen waje daga farkon 2025. Asusun PTDF kan ba da tallafi a fannonin da suka danganci man fetur da makamashi. Akwai kuma tallafin ƙungiyar Commonwealth da na hukumar DAAD ta Jamus. Sharuɗɗan waɗannan kan canza daga shekara zuwa shekara, don haka a duba sanarwarsu ta shekarar da ake ciki, a kuma tuntuɓi Hukumar Ba Da Tallafin Karatu ta Jiha a Gusau.

Abin da ake buƙata daga ma'aikata

Ko an sami ɗalibin, ba zai yi komai ba sai da rajista mai kyau, kuma rajistar a hannun ma'aikatan ƙananan hukumomi take: mai kula da ɗakin shan magani, malamin gona, jami'in muhalli, malamin da ke rubuta haihuwa da rasuwa a fadar uban ƙasa. Kwamfuta ba ta san ƙarya ba. In an ba ta lambar da aka cika a ƙarshen wata don kawai kada takarda ta tafi babu komai, da ita za ta yi hasashe. Ana roƙon ma'aikata su rubuta kwanan wata cikakke, su bar gurbi a buɗe in ba a yi awo ba maimakon su sa sifiri, domin ba a auna ba daban, an auna ba a sami komai ba daban. Sunan ƙauye kuma a tsaya a kan rubutu ɗaya. Garin da aka rubuta shi iri uku a littattafai uku, na'ura garuruwa uku take ɗaukarsa. Tsofaffin littattafan rajista a adana su inda gara da ɗigon ruwa ba za su kai gare su ba.

Haka kuma bayanin lafiyar mutum amana ce. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana a miƙa shi ga kowa haka kawai. Duk mai binciken da ya zo, ɗan gida ne ko baƙo, a nemi ya nuna takardar jami'arsa da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na Ma'aikatar Lafiya, ya fara gabatar da kansa ga ƙaramar hukuma da fadar sarki, a cire sunayen mutane daga abin da zai ɗauka, sannan a yi yarjejeniya a rubuce cewa zai dawo ya yi wa jama'a bayanin abin da ya gano da Hausa.

Ga garuruwan bakin gulbi kuwa, akwai aikin da bai buƙatar jiran kowa. A sami ginshiƙin gada ko wani dutse da ba ya gushewa, a shata masa ma'auni da fenti, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin rubuta tsayin ruwa safe da yamma tun daga watan Yuni har ƙarshen Oktoba, a riƙa aika kwafin littafin ga sashen aikin gona na ƙaramar hukuma a ƙarshen kowane wata.